Wa Ke Sace Robar Wushi?

Shafi na 17

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Ku zauna ku karanta a nutse. Kada wata ta tsallake layi ta dawo tana tambayata abin da na riga na faɗa.

Zare ne ya tona asirin.

Wushi na zaune bakin kekenta da hantsi, ta gama ɗinke hannun wata riga, ta laluba almakashi cikin tarin ƙyallaye ba ta same shi ba. Sai ta kai zaren baki, abin da kowane tela ke yi idan ba mai kallonsa. Ta datse da haƙoran gaba. Ta ja.

Zaren ya sulale ta tsakiya ya fito lafiyarsa lau.

Ta sake datsewa. Ya sake wucewa.

"Na shiga uku!"

Ta zabura, kujera ta kife, ta yi wurin dogon madubin da masu kawo ɗinki ke gwada kaya. Ta yage baki. Ga ta nan kuwa. 'Yar siririyar hanya, kamar an ja layi da bakin allura, tsakanin haƙoran nan biyu da aka sha baƙar wuya kafin su haɗu.

Sunan Wushi ai daga bakinta ya fito. Tun haƙoran girma suka tsiro mata da wushirya, aka laƙaba mata shi, har sunanta na ainihi ya ɓace a bakin mutane. Da ƙuruciya ado ce. Da ta haura arba'in sai adon ya juye ciwo: wushiryar ta yi ta faɗi, haƙoran suka fara kwantowa waje, dasashi na jini. Likita ta ce ko a ja su a haɗe, ko su zube. Haka uwar yara ta ɗauki wayar jan haƙora a baki kusan shekara biyu. Nama ya gagare ta, soye-soye suka fita ranta, jikin nan da take ja da ƙyar ya zube, gwiwoyi suka daina kuka, hawan jini ya sauka. Ranar da aka cire wayar, abin da ta fara yi a shago shi ne datse zare. Ya yanke ƙat. Ihun da ta yi sai da maƙwabta suka leƙo.

Abu ɗaya aka ce ta riƙe: wata 'yar roba garau mai siffar haƙoranta, ta sa duk lokacin da za ta yi barci, don kada su koma gidan jiya. Ta farko ta ɓace daga ɗan akwatinta a kan kantar banɗaki. Aka yi ta biyu. Ita ma ta bi sahu. Kunyar komawa karo na uku ta sa Wushi ta yi gum.

Ga sakamakon gum ɗin a madubi.

Ta danna waya ta kira Likita.

"Likita! Ta buɗe!"

"Anti Wushi? Me ya buɗe?"

"Wushiryar! Zare ya wuce!"

"Zare? Ba na hana ki yanke zare da haƙori ba?"

"Likita, ina ce miki ƙofa ta buɗe kina tambayar wanda ya taka tabarma!"

"Kina sa robar kuwa?"

Shiru.

"Anti Wushi, ina jin numfashinki."

"Ta ɓata."

"Wadda na sake yi miki?"

"Ita."

"Tun yaushe?"

"An ɗan kwana biyu."

"Kwana biyu irin naki, ko irin na kalanda?"

Wushi ta kalli silin.

Muryar Likita ta sauya. "Ki saurare ni. Haƙori naci gare shi, duk inda aka kai shi hankalinsa na kan tsohon wurinsa. Naki kuma dasashin ba shi da ƙarfin jure zuwa da dawowa. Ki zo yau kafin mu tashi. In kin ga robar ki taho da ita. In ta shiga, da sauƙi. In ba ta shiga ba…"

"Kada ki ce waya!"

"Ban ce komai ba tukuna. Sikeli fa? Kina hawa?"

"Layin ba kyau, Likita, ba na jin ki."

Ta kashe.

Amma tela ba ta iya yi wa kanta ƙarya. Ta zare tef daga wuyanta, ta zagaya ƙugu, ta ja numfashi ciki har idonta ya yi ja. Duk da haka yatsa biyu sun ƙaru a kan inda ta tsaya ranar cire waya.

Ta zauna kan teburin yanka, ta fara lissafi irin na mai neman ɓarawo.

Roba ba ta da ƙafa. Yara suna makarantar kwana. Gidan mutum uku ne: ita, mahaifiyarta Inna wadda ido ya yi wa rauni har sai da sanda, sai maigidan, wanda kafinta ne.

Wa ya sha faɗa a gaban kowa cewa shi wushirya ya gani ya rikice?

Wa ke shigowa kullum da yamma da ƙunshin gasasshen nama, ya tura mata duka ya ce, "Ci, ni na ƙoshi"?

Wa ya koyi shiga banɗaki ya murɗa makulli, hannu dafe da aljihu?

"Lallai! Ashe da ɓarawona nake kwana!"

Ko fitilar keke ba ta kashe ba. Ta ja ƙofar shago, ta tsallaka titi ba ta duba hagu ba balle dama, wani mai mota ya danna mata oda ta ɗaga masa hannu kamar shi ne mai laifi.

Shagon kafinta na can ƙarshen layin masu walda. Ta same shi ya duƙa kan wata ƙofa yana gogewa, garin katako ya yi masa fari fat a gemu, kofin shayi na tururi a gefe.

"Abban yara!"

Ya ɗago. "Wushi? Lafiya? Gobara aka yi?"

"Juyo da aljihunka."

"Aljihuna?"

"Na dama. Wanda kake dafewa kamar an ba ka ajiyar zinariya."

Hannunsa ya kai wurin kafin ya ankara. Ta tafa.

"Ka gani! Hannunka ma ya ba da shaida!"

"Ke, ki rage murya, mutane na ji."

"Su ji! Shekara biyu ina shan ruwa-ruwa kamar jinjira! Leɓena ya tsage, harshena ya yayyanke, yaran unguwa na ce mini mai bakin keji. Kai kana gefe kana 'sannu Wushi, sannu Wushi', ashe jira kake a cire ka mayar da ni inda na fito!"

"Wallahi ban gane ba."

"Za ka gane. Wushirya kake so, ko? Da ƙatuwar mace mai nishi in za ta tashi? Shi ya sa kake ɗura mini nama?"

Ya ja baya, ta bi shi. Ya zagaya teburin aiki, ta tare shi ta ɗaya gefen. Mace da ta sauke nauyi ai ba a tsere mata. Kafin ya ce wani abu hannunta ya shige aljihun ya fito.

Ɗan akwati shuɗi. Irin nata sak.

Ta ɓalle murfin. Ga roba garau a kwance.

"Na kama ka! Na kama ka, Abban yara!"

"Wushi, tsaya, kada ki…"

Ina! Ta riga ta cusa ta a baki.

Robar ta yi mata lakwam. Ta danna nan, can ya ɗago. Ta danna can, nan ya zame. Kamar ƙaramin yaro ya zura ƙafa a takalmin babansa.

"Tofar! Tofar, baiwar Allah! Tawa ce!"

Ta tsaya cak, robar na reto a leɓe.

"Yanzun nan na cire ta zan sha shayi. Ko wanke ta ban yi ba."

Ta tofar da ita a tafin hannu, ta goge harshe da gefen mayafi. "Taka kamar yaya?"

Ya waiga hagu, ya waiga dama. Ya juya wa titi baya. Sannan ya buɗe baki ya ja leɓe da yatsa. Haƙoran nan nasa da suka hau kan juna kamar fasinjoji a motar haya, ga wasu 'yan ƙananan ƙulli-ƙulli farare an liƙa musu. Kuma wallahi sun fara ba juna wuri.

"Kai ma?"

"Ni ma."

"Wurin Likitata?"

"Na roƙe ta kada ta faɗa miki. Nawa ba waya ba ne, roba ce ake canjawa, ita ke jan su a hankali."

"Shi ya sa kwanan nan in ka ce 'sannu' nake jin kamar taya na sacewa!"

"Ki yi dariyarki."

"Da furfura a gemu!"

"Ke da kika yi naki da jikoki a hanya fa?" Ya karɓe robarsa ya mayar akwati. "Ranar da aka cire miki waya, kika fito kika yi mini murmushi a bakin asibiti, na rasa inda zan sa kaina. Na dawo nan na kalli bakina a gilashin kabad. Na ce wannan matar za ta riƙa tafiya da wannan bakin a gefenta? Sai na koma."

Wushi ta ji wani abu ya narke mata a ƙirji, amma ba ta bari ya gani ba.

"Naman fa?"

"Ba na iya taunawa. In na daina sayowa kuma za ki gane."

"Sai ka ɗura mini? Yatsa biyu, Abban yara! Yatsa biyu a ƙugu! Siket ɗin da na rage da hannuna yanzu sai na yi addu'a zik ke hawa!"

"Na tuba. Daga yau kankana."

Dariya ta ƙwace mata, ta riƙe ciki, ta zauna kan ƙofar da yake gogewa. Shi ma ya yi, hannu a baki. Tana cikin dariyar harshenta ya taɓa 'yar hanyar nan. Dariyar ta yanke.

"To in ba kai ba ne, wa ke kwashe mini tawa?"

Kafinta ya sunkuya ya ɗauki takardar goge katako. Ya fara goge wurin da ya riga ya yi sumul.

"Abban yara."

"Na'am."

"Ka sani."

"Ban ce na sani ba."

"Kalle ni. Wushiryar ta fara buɗewa. Likita ta ce dasashina ba zai jure ba. Haƙorana ne za su zube, ba wasa nake ba."

Ya ajiye takardar. 

"Ranar da na gyara ƙafar gadon Inna," ya ce a hankali, "sai da na ɗaga katifa."

"Inna?"

"Ban taɓa komai ba. Na mayar yadda na gani."

"Innata? Ka gani ka yi shiru?"

"Surukata ce, Wushi. Da wane bakin zan ce na ga abu a ƙarƙashin katifarta? Na yi ta ce miki ki koma wurin Likita, kina cewa gobe."

"Tayar da babur."

Tun daga ƙofar gida ƙamshin mai ya tare su. Inna na kicin kan 'yar kujerarta, tabarau a karan hanci, sanda jingine da bango, tana juya dankali a kasko.

"A'a, yau da wuri? Zauna, yarinyar nan, na soya miki. Ga shayi can na zuba madara sosai. Dubi wuyanki, kamar na marainiya."

Kafinta ya durƙusa daga bakin ƙofa. "Barka da gida, Inna."

"Barka kadai, ɗan nan. Kai ma an koro ka daga aiki?"

Wushi ta durƙusa gabanta. 

"Inna, katifarki zan ɗaga."

Cokalin bai tsaya ba. "Ɗaga mana. Ai ba da ƙusa aka kafe ta ba."

Ta shiga ɗakin. Ta ɗaga. Ga wata tsohuwar hula a naɗe, wadda ta sani tun tana yarinya, hular mahaifinta marigayi. Ta warware.

Robobi biyu, an jera su a ciki tsaf, an ma wanke su.

Ta fito da hular a hannu biyu.

"Inna…"

"Ni ce." Tsohuwa ta sauke kasko ta kashe wuta. "Ba sai kin yi ta zagaye ba. Ni na ɗauka. Kuma in an yi ta uku, ita ma zan ɗauke."

"Don Allah me na yi miki?"

"Me kika yi mini? Na haifi 'ya mai wushirya, mai jiki, in ta shigo ɗaki an san mutum ya shigo. Aka ɗauke ta aka dawo mini da wata siririya, baki kamar an jera farin tayil. In kina magana sai na saurari muryar kafin in yarda ke ce."

"Lafiyata ce, Inna."

"Lafiya? Ba haka kika ce mini ba. Na riƙe maganar, ban manta ba. Kika zo kika tsaya nan kika ce, 'Inna, za a yi mini gyaran haƙori.' Gyara!" Ta buga sanda a ƙasa. "Abin da ya lalace ake gyarawa. Mijinki ga shi nan, tambaye shi, yana gyara kujerar da ba ta karye ba? Bakin ubanki ne ya lalace?"

Wushi ta kalli hular da ke hannunta.

"Duk 'ya'yana ke kaɗai kika ɗauko bakinsa. Ke kaɗai. Idona ya tafi, sai abin da ke kusa nake gani. Da safe in kin kawo mini shayi kin sunkuyo kin yi dariya, shi nake gani. Kullum. Shi ke nan abin da ya rage mini. Hotunansa kuwa duba su, duk baki a rufe. Sai aka wayi gari kin je kin biya an toshe mini 'yar tagar da nake leƙensa. Don gayu."

Kafinta ya sunkuyar da kai har gemunsa na taɓa gwiwa.

Hawaye ya cika idon Wushi. Ta so ta rungume tsohuwar ta ce a bar shi, a bar komai, ya buɗe. Amma harshenta ya sake taɓa wurin, ta ji ɗan zafin da ke ƙarƙashin dasashi.

"Inna, in tambaye ki?"

"Tambayi."

"Me ya sa hotunan Baba duk baki a rufe?"

"Haka yake so."

"Na aurenku fa, da ya ɓata a ƙaura? Kin ce a ciki dariya yake har kunne."

Inna ta kau da kai.

"Yaushe ya daina?"

Inna ta gyara tabarau. Muryarta ta yi ƙasa. "Tun da haƙoran gaba suka fita. Ɗaya a cikin burodi ya tafi, yana karyawa. Ɗayan bai daɗe ba ya bi shi. Daga nan in zai yi dariya sai ya sa hannu. Daga baya ma ya daina. Tsufa ne, wa ya isa ya hana?"

"Shekarunsa nawa lokacin?"

Tsohuwa ta fara ƙirga da yatsu.

"Bai kai Abban yara na yanzu ba, Inna. Ina aji uku. Ba tsufa ba ne. Wushiryarsa ce ta yi ta faɗi, haƙoran suka kwanto, dasashi ya sake su. Kin tuna yana tofar da jini in ya wanke baki?"

"Na tuna."

"Ni ma na fara tofarwa. Abin da ya kai ni wurin Likita ke nan. Ta ce in ba a haɗe su ba, hanyarsa zan bi. Bakinsa na ɗauko, Inna, har da ciwon."

"Ba ki faɗa mini ba!"

"Na ji tsoron hankalinki ya tashi. Sai na ce gyara."

"Kika ce gyara." Inna ta maimaita, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Ni kuma na zauna ina kwashe miki magani ina ɓoyewa a hularsa."

Wannan fa shi ne sharrin rage wa babba magana. Ka ba shi rabi don ka tausaya masa, ya cike sauran da abin da ransa ya ba shi.

Tsohuwa ta laluba cikin hular, ta ɗauko roba ɗaya, ta miƙa.

"Sa."

"Inna…"

"Na ce sa! Yanzu, ina kallo!"

Wushi ta kai baki. Ta danna na baya, suka shiga. Ta zo na gaba. Robar ta tsaya rabi. Ta ƙara ƙarfi, wani zafi ya harba mata har cikin hanci, ta yi ƙara.

"Gwada ɗayar!"

Ta gwada. Haka.

"Ba ta shiga, Inna."

Tsohuwar da sai an kama ta take tashi, sai ga ta tsaye.

"Ina mayafina? Kai, ɗan nan, me kake jira a durƙushe kamar mai neman gafara? Nemo mota! Ke kuma ajiye dankalin nan, wa ya ce ki kalle shi?"

"Ke kika soya mini!"

"Na fasa. Mijinki ya ci."

"Ba ya iya taunawa."

"Shi kuma me ya same shi?"

"A mota zan ba ki labari!"

Sun isa ana shirin rufewa. Likita, 'yar matashiya mai fararen takalma, ta fito tana cire safar hannu, ta gan su su uku a jere: Wushi da hula a hannu, tsohuwa da sanda, kafinta da garin katako a gemu.

Ta kalli kafinta. "Malam, kai ai ba yau ce ranarka… au." Ta rufe baki.

"An riga an kama ni, Likita."

"To madalla, na huta da ɓoyo. Anti Wushi, hau kujera. An ga robar?"

"An ga ɓarauniyar ma," in ji Inna. "Ga ni."

Likita ta kalli tsohuwar. Ta kwantar da kujera, ta jawo fitila, ta gwada robar farko, ta gwada ta biyu, ta girgiza kai.

"Sun motsa. Waɗannan sun tashi aiki."

"Waya?" Wushi ta tambaya.

"In komai lafiya, ba sai an mayar da ita ba. Zan yi miki roba irin ta maigida ta ja su su koma. Da sun haɗu, in liƙa wata 'yar siririyar waya ta bayan haƙoran, inda ba mai gani. Ita ba a cirewa. Da ita za ki ci, da ita za ki kwana."

Inna ta matso. "Ba mai iya cire ta?"

"Sai ni, Inna."

"Ko mutum ya shiga banɗaki da sassafe?"

"Ko ya shiga."

"Yauwa. Ita za ki sa. Don ni ban yarda da kaina ba."

Wushi ta yi dariya hawaye na gangarowa cikin kunnenta.

"Amma ki sani," Likita ta ce, "in na liƙa, wushirya ta tafi ke nan. Har abada. Nauyin jiki kuwa ba ni da wayar da zan liƙa masa, wannan aikin mutanen gida ne."

"Na ji," in ji Inna. "Kaskon ma kyauta zan bayar." Ta juya ga Likita. "'Yar nan, kafin ki fara, ara mini ita kaɗan."

Likita ta ja baya.

Tsohuwa ta jingina sanda da kujera, ta dafa kafaɗar 'yarta, ta sunkuyo har numfashinsu na haɗuwa. Ta goge tabarau da bakin mayafi ta mayar.

"Yi mini dariya."

Wushi ta yi. Fitilar nan mai ƙarfi ta haske 'yar siririyar hanyar, wadda zare kaɗai ke iya wucewa.

Inna ta daɗe tana kallo.  Leɓenta na motsi, ba a jin abin da take faɗa, kuma ba da Wushi take ba.

Sannan ta miƙe, ta karɓi hular daga hannun 'yarta, ta rungume a ƙirji.

"Na gani. Ya isa. Likita, rufe."

Kafinta ya juya yana share ido da hannun riga, wai garin katako ne.

Likita ta sa sabuwar safa. "Buɗe sosai, Anti. Bari in duba su kafin in ɗauki awo."

Ta taɓa haƙorin gaba na hagu da yatsa. Ta gyaɗa kai.

Ta taɓa na dama.

Ta tsaya.

Ta sake taɓawa, a hankali, ta gaba da ta baya. Ta jawo fitilar ƙasa sosai. Murmushin da ke idonta ya ɗauke.

"Anti Wushi."

"Iye?"

"Tun yaushe wannan na daman yake girgiza?"

Sandar Inna ta zame ta faɗi ƙasa.